Labarin Dorugu, Bawan da Aka Fansa

A wannan wata za mu ba ku labarin wani Bahaushe mai suna Dorugu, wanda aka haifa a ƙasar Damagaram wajen shekara ta 1840, ya rasu a Nassarawa ta Kano cikin 1912. Masanan harshen Hausa sun san shi sarai, har a manyan makarantun Turai da Amurka a kan ambaci sunansa. Amma a cikin ekklesiyoyinmu kaɗan ne suka taɓa jin labarinsa. Wannan kuwa bai kamata ba, gama sa'ad da aka fara juya Bishara zuwa Hausa, a bakinsa aka ɗebi yawancin Hausar. Kowace Lahadi mu kan sunkuyar da kai mu faɗi zunubanmu ga Allah da harshenmu, mu kuma ji albishir na gafara da harshenmu. Ya kamata mu san ta bakin wa abin nan ya fara iso mu.

Garinsu Dambanas ne, wani ƙauye kusa da Kance, a cikin ƙasar da ta ke Jamhuriyar Nijar yanzu. Ubansa makaɗi ne, yana kuma da 'yar gonarsa. Talakawa ne, irin waɗanda ba a sa sunansu cikin tarihin sarakuna. A zamanin nan Damagaram tana bin Shehun Barno, talaka kuwa in ya kwana ɗa ba shi da tabbacin zai wayi gari ɗa. Wani Bature ɗan Ingila, James Richardson, ya sauka a Zinder a farkon 1851, ya rubuta abin da ya tarar a can. In bashi ya yi wa sarki yawa, sai ya ta da runduna ya faɗa wa garuruwan da ke cikin ƙasarsa, ya kamo mutane, ya biya 'yan kasuwa da su. Ku riƙe wannan magana ta bashi, za mu komo kanta.

Dorugu yana yaro, bai wuce shekara 11 ko 12 ba, mayaƙa suka faɗa wa garinsu. Aka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka kora shi Zinder tare da sauran kamammu. Daga nan ya yi ta wucewa daga hannun wannan zuwa hannun wancan, har ya ƙare a Kukawa, babban birnin Barno na lokacin, a gidan wani Balarabe.

Yaranmu na yanzu ba su san yadda bauta ta ke ba, ko da ya ke sai cikin 1936 aka soke ta ɗungum a dokar Nijeriya ta Arewa. Saboda haka bari mu ɗan tsaya a nan. Bawa ya kan kira mai shi ubangijinsa, kalmar nan da mu ke kiran Yesu da ita. In yana so ya ɗan sha iska, akwai murgu. Watau ubangijinsa ya bar shi ya tafi ya yi sana'ar kansa, amma ya riƙa kawo wuri kaza a kan lokaci. Ya biya na yau, na gobe yana jiransa. Ko ya shekara ashirin yana biya, bawa ne dai, ran da ya kasa kuwa a komo da shi gandu. Akwai kuma fansa. Ita ce a yanka kuɗin bawa, a biya duka, ya fita, ba mai sauran magana a kansa. Babban mutum mai sana'a ya kan iya tarawa kaɗan kaɗan ya fanshi kansa. Yaro kamar Dorugu fa, da ba shi da ko wuri ɗaya, ga danginsa can nesa tafiyar makonni, in ba wani ya biya dominsa ba, ba shi da mafita.

Wanda ya biya ɗin wani Bajamushe ne, Adolf Overweg. Shi da abokinsa Dokta Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim, sun ƙetaro hamada tare da Richardson, gwamnatin Ingila ta aiko su su duba ƙasa. Overweg ya fanshi Dorugu ya 'yanta shi, haka kuma ya yi wa wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Kada fa mu mai da Turawan nan mala'iku. Su biyun sun bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu a ƙarshen 1851, suna kallo aka ƙone garuruwa aka kamo bayi dubbai, don dai su sami ganin ƙasar da ba su iya shiga su kaɗai ba. Barth ya rubuta muguntar da ya gani bai ɓoye ba, amma ya bi. Duk da haka, ta hannun ɗayansu Allah ya kwance yaron nan.

Overweg bai daɗe ba. Zazzaɓi ya kashe shi a bakin tafkin Cadi cikin Satumba 1852, yana da shekara 30. Sai Barth ya ɗauki yaran biyu cikin barorinsa. Suka tashi daga Kukawa cikin Nuwamba, suka bi ta Zinder da Katsina, suka gai da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka ga Wurno da Sakkwato da Gwandu, suka haye Kwara a Sayi, suka shiga Tambutu ran 7 ga Satumba 1853. A can suka yi wata da watanni rai a hannun Allah, gama akwai masu neman kashe Baturen, sai Shehu Ahmadu Bakkayi ya tsaya masa. A kan hanyar komowa suka sauka Kano cikin Oktoba 1854, zamanin Sarki Usman. Barth ya iso ba shi da ko anini, ga bashi, ga labari ya bazu har Turai cewa ya mutu. Shekara ta kewayo suka ƙetare hamada ta Murzuk zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka isa Landan cikin Satumba 1855. Yaron da aka kora da ƙafa daga Dambanas, kafin ya cika shekara 16 ya ga abin da manyan fatake ba su gani ba.

A Ingila kuwa akwai wani mutum da ya daɗe yana marmarin ya sami Bahaushe. Sunansa James Frederick Schön, shi ma haifaffen Jamus ne, ma'aikacin mishan na C.M.S. Ya yi aiki a Saliyo, ya koyi Hausa a bakin bayin da aka ƙwato daga jiragen masu fataucin mutane. Shi da Samuel Ajayi Crowther suka hau Kwara tare cikin 1841, ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa cikin 1843. Ciwo ya komo da shi Ingila, ya zama limamin asibitin sojan ruwa a garin Chatham. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, har ya mutu cikin 1889 bai taka ba, amma zuciyarsa tana kan a sa Maganar Allah cikin Hausa.

Barth ya shirya ya mai da yaran gida a farkon 1856. Schön ya nemi su zauna, suka kuwa zauna wurinsa. Barth ya ji zafin abin ƙwarai, yana ganin an janye masa yara ta bayan gida. Tsamin ya daɗe tsakaninsu har ya fito cikin littattafansu, kowa yana tsinto kuskuren Hausar ɗan'uwansa. Barth ya rasu cikin 1865. Mu dai abin ya kan ba mu tausayi, manyan mutane biyu, kowannensu yana nufin yaran da alheri, ga su suna ja-in-ja a kan 'yantattu sai ka ce kayan gado.

Dorugu ya shekara takwas a gidan Schön. Ya koyi karatu da rubutu da Turanci. Ya riƙa ba da labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da tatsuniyoyi, Schön yana rubutawa da haruffan boko. Yaro ne mai ido. Har yadda Turawa ke zaman cin abinci, da yawan cokula da wuƙaƙe, ya kwatanta shi yadda mai karatu ba zai rasa murmushi ba. An tara waɗannan cikin littafin Magana Hausa na 1885. Da taimakonsa kuma Schön ya yi littafin nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876. Amma abin da ya fi shafarmu shi ne fassara. Aka buga Bishara ta Matta da Hausa cikin 1857, ta Luka da littafin Farawa cikin 1858, Fitowa cikin 1859.

Mai fassara ba ya ƙaga kalma daga iska, sai ya tambayi mai harshe yadda a ke faɗin abu a garinsu. Kalmomin da mu ke addu'a da su yau, zunubi da tuba da gafara, suna nan cikin Hausa tun kafin a haifi Dorugu, malamai suka kawo su daga Larabci, har suka zama na kowa. Mai shiga gida ya ce gafara dai. Mai kaya a ka ya ce gafara a ba shi hanya. Almajiri ya ce Allah gafarta malam. Tuba kuwa, ba wanda ya san ta kamar bawa da yaro. In bulala ta hau bayansa sai ya yi ta kuka yana cewa ya tuba, ya bi Allah ya bi mai dukansa. Abin da ya ke nema a tsai da bulala ne kurum. Hausawa da kansu sun san irin wannan tuba ba ta da nauyi, shi ya sa su ke cewa kowa ya tuba don wuya ba lada, su ke kuma zancen tuban muzuru.

To, ku duba irin labarin da ke cikin littafin farko da aka juya a gidan nan. A Matta sura 18 Ubangiji Yesu ya ba da misalin wani sarki da ya zauna lissafi da bayinsa. Aka kawo wani da bashin da ke kansa ya fi ƙarfin ƙirga. Sarki ya umarta a sayar da shi, da matarsa, da 'ya'yansa, a biya. Ga Bature mai karatu a Ingila wannan labarin zamanin da ne. Ga ɗan Damagaram kuwa labarin gida ne, ya san mutanen da aka sayar don bashin da ba su ma ci ba. Bawan ya faɗi ƙasa yana roƙo a yi masa jinkiri, wai zai biya duka. Ku lura, jinkiri ya roƙa, watau a sa masa murgu ke nan. Sarkin kuwa ya wuce abin da aka roƙe shi. Ya ji tausayinsa, ya sake shi, ya yafe bashin gaba ɗaya.

Haka kuma a Luka sura 15. Ɗan da ya cinye gadonsa a wata ƙasa, da yunwa ta koya masa hankali, ya shirya maganar da zai faɗa wa ubansa. Maganar kashi biyu ce. Na fari zai amsa laifinsa, cewa ya yi wa Allah zunubi ya yi wa ubansa, bai kuma isa a kira shi ɗa ba. Na biyu zai roƙa a ɗauke shi ɗan ƙodago, ya ci da guminsa. Da ya iso, tun yana nesa uban ya sheƙo a guje ya rungume shi. Yaron ya faɗi kashi na fari duka, uban ya bar shi ya faɗa. Na biyun kuwa ba a kai gare shi ba, gama uban ya riga ya aika a kawo riga da zobe da takalma. Amsa laifi an karɓa. Tayin biya ba a ko saurara ba.

Wannan sura Dorugu ya sha jinta da Turanci ma. Schön limamin ekklesiyar Ingila ne, a littafin addu'arsu kuwa sujadar safe da ta yamma ta kan fara da waɗansu ayoyin tuba da limami zai zaɓa ya karanta. A cikinsu akwai maganar ɗan nan na Luka 15, da ayoyi daga Zabura 51, da 1 Yohanna 1:8-9. Sa'an nan jama'a duka su durƙusa, babba da yaro, mai gida da bara, su furta zunubansu da murya ɗaya. Bayan haka limami ya miƙe ya shaida musu cewa Allah yana gafarta wa dukan masu tuba da gaskiya, masu gaskata Bishararsa. Cikin 1857 aka yi wa samarin biyu baftisma. Dorugu ya karɓi suna James Henry, Abbega kuma Frederick Buxton. Bisa ga ka'idar baftismar manya, mutum da bakinsa zai ce ya rabu da Shaiɗan da ayyukansa, ya kuma amsa cewa ya gaskata abin da ke cikin Shaidar Bangaskiya ta Manzanni. Gafarar zunubai tana ɗaya daga cikin abubuwan da a ke amsawa.

'Yan'uwa, a nan ne labarin ya taɓa mu. Fiye da shekara 160 ke nan da aka sa waɗannan surori cikin Hausa, amma da yawa a cikinmu har yanzu tuban bawa mu ke yi. Mutum ba zai tuna da zunubinsa ba sai ciwo ya kwantar da shi, ko asirinsa ya tonu. Sa'an nan ya yi ta kuka, a tsai da bulala. Ran da ya sami sauƙi ya koma inda ya bari. Waɗansu kuma masu murgu ne, su ne ma suka fi ba mu tausayi, gama da gaske su ke yi. Wani ya yi zunubi tun yana saurayi, ya furta shi ga Allah da hawaye, amma har ya yi furfura yana biya. Ya ƙara baiko, ya ƙara azumi, ba a buɗe ƙofar majami'a ba shi ba, duk da haka in aka zo cin Jibin Ubangiji zuciyarsa tana dukan uku-uku, yana ganin da sauran bashi. Baiko da azumi abubuwa ne masu kyau. Amma in an mai da su kuɗin gafara, an ce jinin Yesu bai isa ba ke nan.

Manzo Yohanna ya nuna hanyar a fili cikin ayoyin nan da muka ambata. Wanda ya ce ba shi da zunubi ruɗin kansa ya ke yi. Wanda ya furta kuwa, Allah zai gafarta masa ya kuma tsarkake shi, dalilin da manzon ya bayar shi ne amincin Allah da adalcinsa. Bai jingina abin a kan yawan hawayen mai tuba ba. An ambaci adalci domin an riga an biya, Yesu Kristi ya ba da ransa fansa a kan gicciye, mai adalci kuwa ba ya karɓar kuɗin fansa sau biyu. Da Balaraben nan na Kukawa ya karɓi kuɗinsa, ba shi da sauran iko ya aika Landan a kamo masa Dorugu. Dorugu kuma da ya riƙa tara kwabo yana aika masa kowane wata, da kowa ya ce ya zautu.

Furtawar fa sai ta zama ta gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun saba da addu'ar da a ke cewa a gafarta mana zunubanmu na sani da na rashin sani, a wuce da sauri. A cikin taro ba laifi. Amma in mutum ya shiga ɗakinsa shi da Allah, sai ya kira abin da sunansa. Kuɗin ƙungiya ne ya taɓa, ya ce kuɗin ƙungiya. Matar wani ce, ya faɗa. Ƙarya ce ya yi wa maƙwabcinsa a gaban mai unguwa, ya faɗa. Allah ya riga ya sani, ba labari mu ke ba shi ba. Mu ne mu ke daina gardama da shi. Dawuda ya gwada yin shiru, a Zabura 32 ya ba da labarin yadda shirun ya cinye ƙarfinsa dare da rana, da yadda gafara ta zo nan da nan da ya buɗe baki. In kuma akwai hakkin mutum a ciki, sai a tafi wurinsa a nemi gafara, a mayar da abin da za a iya mayarwa, kamar yadda Zakka ya yi. Zakka ya yi wannan ne bayan Yesu ya riga ya shiga gidansa.

Muna da magana kuma ga dattawan ekklesiya. Horo yana da wurinsa, Littafi ya koyar da shi, ba ma so a bar shi. Amma sau da yawa wanda aka sa a bencin baya ya kan ɗauka watannin nan su ne kuɗin zunubinsa, yana ƙirga su kamar mai biyan murgu. Wajibi ne a gaya masa a fili cewa horo domin gyaransa ne da kiyaye sunan ekklesiya, gafarar Allah kuwa ya same ta tun ran da ya tuba da gaskiya. In kuma an karɓe shi, a karɓe shi. Mun san yadda a kan yi, shekara goma bayan an komo da mutum, in aka kawo sunansa don wani aiki sai wani ya gyara murya ya ce a tuna fa. Misalin nan na Matta 18 bai ƙare a wurin yafewa ba. Bawan da aka yafe wa ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan ɗan bashi kaɗan, hukuncin da ya biyo baya kuwa kowa ya karanta wa kansa.

Mu koma ga samarinmu. Abbega ya komo Afirka tun cikin 1857, ya yi aiki da Turawan da ke bin Kwara, daga baya ya koma Musulunci, ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya zauna Ingila har 1864, sa'an nan shi ma ya komo. Shekaru masu yawa ya yi yana tafinta ga Turawa. Schön ya ci gaba da aiki shi kaɗai har aka buga Sabon Alkawari duka da Hausa cikin 1880.

Gaskiya ita ce littattafan nan ba su sami masu karatu da yawa ba a lokacinsu. Hausarsu ta yaron ƙauye ce da ya bar gida da wuri, ta bi ta kunnen Bajamushe, a waɗansu wurare ta yi tauri. Banda haka, masu karatu a ƙasar Hausa ajami suka sani, ba mai karanta boko. Da Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller da abokansu suka iso Kano cikin 1900, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Sai da Miller ya zauna a Zariya daga 1905, ya yi shekaru yana aiki tare da Hausawa da ma'aikatan waɗansu mishan, kafin aka sami Littafi Mai Tsarki duka cikin 1932. Wata sabuwar fassara ta fito cikin 1979. Amma duk wanda ya zo koyon Hausa a shekarun farko domin aikin Bishara, a kan nahawu da ƙamus na Schön ya fara tsayawa, su kuwa a kan bakin Dorugu suka tsaya.

Turawa suka ci Kano cikin 1903. Cikin 1909 Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nassarawa, bayan ganuwa, domin malamai da 'ya'yan sarakuna da masu koyon sana'a. Shi kansa da aikin C.M.S. ya fara zuwa ƙasar nan cikin 1901, kafin ya koma aikin gwamnati. Yana bukatar wanda ya iya karatun Hausa da boko, irinsu kuwa ba su da yawa. Nan tsoho Dorugu ya sami aikinsa na ƙarshe. Gwamnati ta yi wa sarakuna alkawari ba za ta taɓa addininsu ba, saboda haka ba a koyar da Bishara a makarantar nan. Mutumin da ya taimaka aka juya Matta da Luka, ga shi ya ƙare yana koya wa almajirai baƙaƙe da wasula kurum. Amma haruffan nan su ne suka bazu ƙasa duka, da su kuma ku ke karanta wannan takarda da Littafin da ke ɗakinku.

Ya rasu a Nassarawa cikin 1912, yana da shekara saba'in da 'yan kai. Matar Ɗan Hausa, Isabelle, wadda ta zo Kano a shekarar nan, ta ambace shi cikin littafin da ta rubuta da Faransanci. Da aka buɗe kayansa sai aka tarar da tarin tabarau, da tufafin Turawa, da kuɗin da ya daɗe yana ajiyewa. Cikin 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka juya labarin rayuwarsa zuwa Turanci suka buga. Gidan Ɗan Hausa yana nan har yanzu a unguwar da a ke kira Nassarawa GRA, ginin ƙasa ne mai zāne a bango, an mai da shi gidan adana kayan tarihi na Jihar Kano.